Anti Talata da Uwar Mai Famfo

Shekara goma sha tara ke nan ina kai takardun kotu a kan babur. Sammaci, sanarwar zama, kwafin hukunci, duk abin da aka buga wa hatimi ni ke kai shi ƙofar mutum, ya sa hannu in juyo. An sakar mini kare sau huɗu, an watsa mini ruwan wanke-wanke sau ɗaya. Wani kuma ya rantse mini cewa shi ba shi ba ne, ƙaninsa ne, alhali ga sunansa nan a ɗinke a aljihun rigar aikinsa. Shi ya sa magana ba ta burge ni. Ka ce za ka yi, na ji. In ka yi sai mu gaisa.

A tsawon shekarun nan mutum ɗaya na gani da aikinta ya fi bakinta, kuma bakin nata ma ba ƙarami ba ne. Ita ce Anti Talata.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a bayan kotun gunduma, tsakanin shagon masu hoton fasfo da na wani mai gyaran waya. Aikinmu taimakon waɗanda suka zo rabuwar aure ba su da ƙarfin ɗaukar babban lauya. Namu lauyan Laraba da Juma'a yake zuwa, da jakarsa da tarinsa, ya duba takardu, ya sa hannu, ya tsaya wa mutane a gaban alƙali. Sauran ranaku Anti ce ofis. Ita ba lauya ba ce, kuma takan faɗa wa mutum haka tun bai zauna ba. "Ni shirya takarda nake yi. In kana son wanda zai yi maka Turanci, ka dawo Laraba."

Gajera ce, tabaraunta ɗaure da zare ta gefe guda. Da ta shigo sai ta cire takalmin fita ta tura ƙarƙashin tebur, ta zura silifa. A kan teburin akwai tire biyu na roba, kore da ja. Kore na waɗanda suka amince da komai ne: ga wanda zai zauna a gidan, ga yadda za a raba kaya, ga inda yara za su kwana. Irin wannan fayil zama ɗaya ne a gaban alƙali, cikin 'yan makonni kowa ya kama gabansa. Ja kuwa na masu jayayya ne. Fayil in ya shiga ja, sai ya yi ƙiba kamar an ɗaure shi a turke. Ni na sani, don ni ke ɗaukarsa. Akwai wanda na yi shekara uku ina kai wa sammaci, har 'ya'yansa suka fara ce mini kawu.

Kowa kore yake so. Mutane na shigowa suna cewa, "Mu ba rigima, mun gama magana a gida." Anti sai ta ce madalla, ta ba su kujera, ta karɓi takardar da suka rubuto, ta kife ta a kan tebur ba ta ko duba ba. Sannan ta gyara tabarau.

"To, ku ba ni labarin ranar Talata a gidanku. Daga tashi daga barci har kwanciya. Wa ke yin me?"

Daga nan sunan ya samo asali. Mutane na zaton ranar Talata aka haife ta, alhali ranar Asabar ce. Ta taɓa gaya mini dalili, sau ɗaya, muna jiran ruwan sama ya tsagaita. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, shi ya koya mata cewa agogo ba ya tsayawa saboda babban ƙarfe, sai saboda ɗan mitsitsin da ba wanda ya kula da shi. Ta yi shekara goma sha biyu tana buga hukunci a na'ura a cikin kotun nan, tana ganin waɗanda suka rabu da murmushi suna dawowa bayan wata shida kowa da lauyansa. Sai abin ya zo kanta. Ita da mijinta suka rabu cikin mutunci, minti goma a gaban alƙali, har cokula sun raba. Mako na farko bayan rabuwar, ranar Talata, 'yarsu ta zauna a ƙofar makaranta har aka rufe, mai gadi ya ba ta kujerarsa. Ita tana zaton shi ya ɗauko ta, shi yana zaton ita ce.

"Ranar hutu kowa ya iya tsara ta," in ji ta. "Ranar bikin haihuwa har faɗa ake a kanta. Talata kuwa ba wanda ke tunawa da ita, kuma ita ce rayuwar."

Yarinyar yanzu ta girma, tana aikin jinya a wani gari. Anti ba ta sake aure ba. Ta ce ta ga abin daga gaba, ta gan shi daga baya, ya ishe ta.

Wata Litinin da hantsi ina zaune a bencina na bakin ƙofa ina jiran takardu, sai ga mata da miji. Shi mai gyaran famfo ne, dogo, tafin hannunsa kamar bayan bishiya, da ƙullin makullai a ƙugu. Ita kuma girki take yi a wata makarantar firamare, ta zo da rigar aikinta a naɗe cikin leda. Shekararsu goma sha shida da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Ba duka, ba zagi, ba wata a waje. Magana ce ta ƙare musu, har ta kai in suna ɗaki ɗaya rediyo ke yi musu hira. Sun yanke shawarar rabuwa, kuma ban taɓa ganin masu rabuwa da ladabi irin nasu ba. A bakin ƙofa ma sai da suka ɓata lokaci, wannan na cewa ki shiga, waccan na cewa a'a, kai dai shiga.

"Ku shigo tare mana, ƙofar ba ta da kishi," in ji Anti.

Mai Famfo ya miƙa takarda. "Anti, mu namu mai sauƙi ne. Na bar mata gidan, na bar mata firji da gado da komai. Ni kayan aikina kawai zan ɗauka, da Inna."

"Inna kuma wace ce?"

"Mahaifiyata. Tare muke zaune. Na samu ɗaki a saman shagon wani abokina, can za mu koma."

"Ni ma na ce ya ɗauki talabijin ɗin, ya ƙi," in ji Mai Girki, idonta a ƙasa.

"Me zan yi da shi? Ke ke kallo."

"Ai Inna ma tana kallo."

"To na saya mata wani."

Anti ta kife takardar. "Kai, wannan kara taku ta yi yawa, har ta fara ba ni tsoro. Ƙanena, ba ni labarin Talata a gidanku."

Ya yi dariya, ya dube ni ko zan taimaka masa. Na ɗauke kai. Ya ce yana tashi da asuba, ya sha shayi, ya ɗauki jakar kaya ya fita, don masu famfon da ya fashe ba sa jira. Yana dawowa bayan faɗuwar rana, ya gaida Inna, ya ci abinci, ya kwanta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Talatarka gajera ce, Allah ya ƙara mata albarka. Ƙanwata, ke fa?"

Mai Girki ta fara da ƙyar, kamar mai ba da shaida a kan wani. Tana tashi kafin shi. Ta ɗora ruwa, ta tayar da Inna zaune, don tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye shekara tara da suka wuce ba ta iya tashi da kanta. Ta kai ta banɗaki, ta yi mata wanka a kan kujerar roba, ta shafa mata mai a gwiwa da kafaɗa. Ƙwaya biyu kafin abinci, fara da 'yar ƙaramar ruwan hoda, ɗaya bayan abinci, amma ita wannan sai an daka ta an zuba a shayi, in ba haka ba Inna ta ɓoye ta a kumatu ta tofar a bayan gado. Talata kuma ranar asibiti ce, ranar gashin ƙashi. Ta roƙi shugabar makaranta tun tuni ta ba ta safiyar Talata, tana ramawa da Asabar. Dole su isa kafin bakwai da rabi su karɓi lamba, kuma kada a yarda a haɗa Inna da dogon ma'aikacin nan, ba ta son sa, ta ce hannunsa sanyi. Sai gajeren.

Ta yi kusan minti ashirin tana magana, labarin Talatar bai ko kai ƙarfe goma sha biyu na rana ba. Mai Famfo ya daina wasa da makullansa.

"Ɗakin da ka samu, hawa na nawa ne?" Anti ta tambaye shi.

"Na uku."

"Akwai lif, na'urar nan mai hawa da mutane?"

"Anti, saman shago ne fa."

"To Inna tashi take yi kamar tantabara?"

"Zan goya ta. Uwata ce."

"Ba wanda ya ce ta maƙwabta ce." Ta juya wajen matar. "Ke kin amince da abin da ke cikin takardar nan?"

Mai Girki ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Ni dai a bar mini Inna. Ya ɗauki gidan, ya ɗauki firjin. In ya so mu nemi wani wuri ni da ita."

Na ga mutane sun yi faɗa a kan mota, a kan fili, a kan kyanwa. Ban taɓa ganin matar da ta nemi a bar mata uwar miji ba. Mai Famfo ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

"Don Allah ji wata magana! Na ba ki komai, ban riƙe ko tsintsiya ba, sai uwata za ki ce a ba ki? A ce a gari na rabu da mata, uwata ta bi ta? Da wane ido zan kalli Yaya? Da wane ido zan kalli abokan aikina?"

"Da wanda kake kallon famfo," in ji Anti. "Ɗaga mini kujerata."

Ya ɗaga, har ya goge ta da hannu. Amma ya ce shi ba zai yarda ba ko sama da ƙasa za su haɗu. Ita kuma, wadda ko talabijin ba ta iya karɓa ba sai da kunya, ta ce in haka ne ba za ta sa hannu a komai ba. Da ƙafafunsu suka shigo suna neman kore, ga shi cikin rabin awa sun kama hanyar ja.

Anti ta bayyana musu abin yadda yake, ba kwana-kwana. Alƙali ba zai raba musu Inna ba, don ita ba firji ba ce, ba kuma ƙaramar yarinya ba. Amma in suka shiga ja, a kan gidan za a yi ta jan magana, tunda shi ne a ƙasa, shi ne ba matakala, kuma duk wanda ya samu gidan kusan ya samu tsohuwar. Za a yi wata da watanni. Kowa zai kawo shaidu su faɗi sharrin ɗayan, har abin da ba a yi ba. Ita kuma Inna tana zaune a tsakiya ana ja, kamar zanin da mata biyu suka kama a kasuwa.

Sai ta yi abin da na sha ganin ta yi. Ba ta sa fayil ɗin a kore ba, ba ta sa shi a ja ba. Ta ajiye shi tsakaninsu, ta ɗora masa fulas ɗin shayinta.

"Nan zai zauna kwana biyu. Gobe Talata. Ƙanwata, ki tashi ki tafi aikinki tun da safe, kada ki taɓa komai, kada ki rubuta masa komai. Ƙanena, kai za ka yi Talatar, daga farko har ƙarshe. A gidan ƙasa ma, ban ce ka hau bene ba. In ka dawo Laraba ka ce mini ka iya, ni da hannuna zan taimaka maka ka rubuta hujjarka ga lauya."

"Abin da mace ke yi kullum ne zai gagare ni? Ni da nake shiga ƙarƙashin gini in fito?"

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai," na ce daga benci. Shi ke nan abin da na faɗa a ranar, kuma Anti ta harare ni a kansa.

Washegari wajen goma da rabi ta ba ni wata takarda in kai masa ya sa hannu, ta shaidar cewa an buɗe musu fayil. Takardar nan za ta iya jira har mako mai zuwa. Na dube ta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ka je da idonka, Mai Babur. Bakin ka bar shi a nan."

Gidan na ƙarshen wani layi ne, hawa na ƙasa, ƙofa shuɗiya, da tukwanen furanni biyu da aka yi da tsofaffin bokitin fenti. Tun daga waje na ji murya.

"Auta, na ce ka fita! Ni za ka tuɓe? Tun da na haife ka ka taɓa ganin haka?"

"Inna, ai rufe ido zan yi."

"Ka rufe ido ka wanke bango ke nan. Fita!"

Na yi sallama. Ya fito da tawul a kafaɗa, rigarsa jiƙe har ciki, kumfa a gemu. A falo tsohuwa na zaune a kujera mai taya, ƙarama kamar yarinya, hannun hagu a kan cinya, idanu kuwa kamar na shaho. A kan tebur ga ƙwayoyi a baje, ya jera su bisa launi kamar mai shirin sayarwa. Shayi ya huce. Takalminta ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannunsa.

"Ba ku tafi asibitin ba?" na tambaya, na manta an ce in bar baki.

"Mun je," in ji shi. "Mun isa tara saura. Lamba ta ƙare. Na roƙa, suka ce sai dai dogon nan ya duba ta."

"Mai hannun ƙanƙara," in ji Inna. "Na ce a mayar da ni gida. Kai kuma wane ne?"

Na ce daga ofishin taimakon shari'a nake.

"Ku ne masu raba auren?"

"Mu takarda kawai muke kaiwa, Inna."

"To kai musu wannan. Kwana goma ana ƙus-ƙus a gidan nan, ana naɗe kaya a kwali, an ɗauka shanyewar jiki ta kai mini kunne. Ba wanda ya zo ya ce, Inna, ke me kika gani? Ko akuya za a sayar ai ana duba haƙorinta." Ta nuna ɗanta da hannun da ke aiki. "Wannan na haife shi, ina son sa, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Amma shekara tara bai san da wane hannu ake ɗaga ni ba. Yau sau biyu yana jan na hagu."

Mai Famfo ya zauna a hannun kujera, takalmin na hannunsa har yanzu. Ya sa hannu a takardata bai karanta ba. Da zan fita na ga ya durƙusa yana sa mata takalmin, yana tambayarta a hankali wace ƙwaya ce ta kafin abinci. Ta ce ita ma ba ta sani ba, 'yarta ce ta sani.

Na koma na faɗa wa Anti abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Da na zo wajen maganar akuya sai ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Tsohuwar ta fi ni gaskiya. Shekara nawa ina tambayar Talata, ban tambayi mai Talatar ba. Wannan kuskurena ne."

Ba ta tsaya nan tana nadama ba. Laraba da safe, kafin lauya ya iso, ta sa takalmin fita, ta ɗauki fayil ɗin daga ƙarƙashin fulas, ta ce in kai ta. Ban taɓa ɗaukar ta a babur ba. Ta riƙe rigata kamar za ta yage ta, tana yi mini faɗa a kan kowane rami, kamar ni na haƙa su.

Muka tarar da su ukun. Mai Girki ta ɗauki izini daga aiki, tana tsaye a bayan kujerar Inna tana gyara mata ɗankwali. Mai Famfo na gefe, idanunsa sun faɗa. Wayarsa na ta ƙara a aljihu, ya ce Yaya ce, babbar yayarsu da ke aure a wani gari, tun jiya take kira tana cewa kada ya kuskura ya bar uwarsu a hannun bare.

"Ɗauka ka sa ta a lasifika," in ji Inna.

Ya sa. Murya ta cika ɗakin. "Auta, wallahi in ka bari aka ce..."

"Babba," in ji Inna, "ni ce. Yaushe rabonki da ki yanke mini farce?"

Inna ba ta jira amsa ba.

"To in kin tuna ki kira." Ta yi wa ɗanta alama ya kashe.

Anti ta durƙusa ta gaida ta yadda ya kamata, ta nemi gafara a kan rashin zuwa tun farko, sannan ta ce, "Inna, ina kike son zama?"

"Nan. Na san inda kowane ƙusa yake. Maƙwabciyata na leƙo ni ta taga mu yi gulmar mutane. A kai ni sama in yi hira da wa, tsuntsaye?"

"Da wa kike son zama?"

"Da 'yata mana. Shi ya rabu da ita, ni ban rabu da ita ba. Da za su yi auren an tambaye ni, na ce to. Da za su rabu ba a tambaye ni ba, saboda haka babu ruwana."

Mai Girki ta juya fuska wajen bango. Mai Famfo ya yi ta murza makullansa. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka.

"Anti, na yi Talatar, ban iya ba. Ban ma kai azahar ba. Ba musu nake ba. Amma ki duba mini. Duk inda na shiga gyara sai an ce ga wanda uwarsa ke zaune a gidan tsohuwar matarsa. Ni ma mutum ne."

Na zaci Anti za ta yi masa wa'azi a kan girman kai. Ba ta yi ba. Ta buɗe fayil ta zaro kwafin takardar hayar gidan, ta kai ta kusa da hanci tana dubawa.

"Sunan wa ke kan hayar nan?"

"Nawa. Shi ne za a mayar nata."

"In mai gidan ya yarda aka mayar sunan Inna fa? Gida ya zama na Inna. Ita ke da ikon cewa wa zai zauna da ita. Ka ga uwarka ba ta bi kowa ba, tana ɗakinta. Wata ce ke zaune a wurinta, kuma za mu rubuta wa ƙanwata haƙƙin zamanta a fili, kada gobe wani ya zo ya ce ta tattara. Kai kuma gidan uwarka ne, ba mai hana ka shiga gaishe ta. Sai dai ka yi sallama, don akwai matar da ba taka ba a ciki."

Ya yi ta juya maganar kamar yana neman inda take yoyo. Bai samu ba.

"Ke kin yarda?" ya tambayi matar. Shi ne karo na farko da na ga ya dube ta sosai.

"Na yarda. Amma Talata kai za ka riƙa kai mu asibiti da motar aikinka. Na gaji da jiran tasi. Kuma Asabar da nake ramuwar aiki, kai za ka zauna da ita."

"Wankan fa?"

"Na yi mata kafin in fita. Kai dai ka koyi hannun."

"Kuma ya gyara famfon banɗaki," in ji Inna. "Shekara biyu yana ɗiga. Gidan mai famfo!"

Anti ta rubuta duka, har famfon. Lauya da ya gani ya yi tari, ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin famfo a yarjejeniyar rabuwa ba, ya soke wannan layin, ya gyara sauran ya zama harshen kotu. Ya kuma dage sai an kai wa Inna takardar an karanta mata ita kaɗai, ba ɗa ba suruka a ɗakin, kafin ta dangwala. Ni na kai wa mai gidan tasa takardar. Ya ce shi ko da sunan kyanwa ne, in dai za a riƙe masa gida da tsabta kamar yadda matar nan ke yi. Ranar Juma'a Anti ta ɗauki fayil ɗin ta jefa a kore, ta zuba wa kanta shayi.

Bayan mako biyar suka tsaya gaban alƙali. Minti goma sha biyu, na duba agogo. Wasu za su so in ce sun fasa rabuwar, sun koma suna dariya. Ba su fasa ba. Aure ya ƙare, kuma da alama ƙarewar ta karɓe su, don a ƙofar kotu na ji suna gardama a kan man shafawar Inna, magana mafi tsawo da na ji sun yi da juna.

Ni ba na yarda da abin da aka rubuta sai na ga an yi. Saboda haka bayan wata uku, wata Talata ina da sammacin kaiwa a unguwarsu, na bi ta layin da gangan wajen bakwai saura. Motar aikinsa na ƙofa, bututu a ɗaure a samanta. Ya fito da Inna, ya tallafe ta ta dama, Mai Girki na biye da jakar magani tana ce masa ya yi a hankali da dokin ƙofa. Tsohuwar ta hango ni.

"Mai raba aure! Ka gaida gajeruwar nan. Ka ce mata har yau bai gyara famfon ba."

Na isar da saƙon. Anti tana cire takalmi a lokacin, wasu mata da miji na zaune a gabanta, matasa, sun riƙo takardarsu a tsakani suna cewa su ba rigima, sun gama magana a gida.

"Ai na faɗa wa lauya kada ya soke layin nan," in ji ta. Ta zura silifa, ta karɓi takardar yaran ta kife a kan tebur. "To, ku kuma. Wa ke fara tashi a gidanku ranar Talata?"